Kwabon da Ya Tabbatar da Sarautar Wani Kaisar

Masu tara tsofaffin kuɗin Rumawa galibi da na tagulla su ke farawa, domin su ne su ka fi yawa, su ka fi araha. Zinariya ta manya ce, amma tagulla ita ta zaga kasuwa a hannun talaka. Kowane Kaisar da ya hau gado, abin da ya kan fara yi shi ne ya sa a buga kuɗi da hoton kansa da sunansa, don jama'a su san mai ƙasa ya sake.

To, a ƙarni na uku na Miladiyya mulkin Rum ya rikice. A shekarar 260 ƙasar Gal, watau inda Faransa ta ke yanzu, ta ɓalle ta naɗa nata sarakuna, sojoji su na naɗawa su na kashewa. Kuɗin da dā ya ke na azurfa kuwa sai da ya koma kusan tagulla zalla.

A 1900 aka tono tarin irin waɗannan kuɗi kusa da birnin Nant a Faransa. Guda ɗaya a cikinsu ya na ɗauke da sunan wani Kaisar Domitiyanus, mai gemu da kambi (ba wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96 ba ne). Littattafan dā sun ambaci wani jarumi mai wannan suna, amma ba su tabbatar ya yi sarauta ba. Saboda haka masana da yawa su ka ce jabu ne, aka yi watsi da shi.

Sai a 2003 wani mutum ya tono tukunya a wata gona a Calgirob, kusa da Okusfod a Ingila, da kuɗi kusan 5,000 a ciki, tsatsa ta manne su dunƙule guda. Da aka ɓamɓare su a hankali, sai ga ɗan'uwan wancan kwabo a ciki. Wa zai iya cusa jabu cikin dunƙulen da ya shekara fiye da 1,700 a binne? Nan gardama ta mutu. Yanzu an yarda Domitiyanus ya riƙi sarauta wajen shekarar 271, na ɗan lokaci ƙalilan.

Ku lura, inda aka same shi da yadda aka same shi su ne su ka ba da shaida. Da mutumin nan ya farfasa dunƙulen ya sayar ɗai ɗai, da an sake cewa jabu ne. Don haka mai tarawa na kirki ya kan rubuta asalin kowane kwabo a takarda, ba ya kuma goge koren tsatsar nan da toka ko lemun tsami, gama sau da yawa haruffan sunan sarkin su kan tafi tare da ita.