Uwargida, Ga Yadda Za Ki Zaɓi Na'urar Awon Jini

Darasinmu na kiwon lafiya a wannan fitowa ya shafi na'urar awon jini ta gida. Hawan jini ba ya sallama. Mace kan shekara da shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, Allah Ya kiyaye.

Idan maigida zai sayo, ki ce masa wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba, don ta wuyan hannu ta fi yawan kuskure. Kafin ya fita, ki ɗauko tef ɗin ɗinki ki auna kaurin tsakiyar damtsenki. Maɗaurin da aka saba haɗowa da na'ura na santimita 22 zuwa 32 ne. In naki ya wuce haka, a nemo na 32 zuwa 42. Kada ki ji kunyar wannan, 'yar uwa. Maɗaurin da ya yi miki kaɗan ƙara lamba yake yi, ki tayar da hankalinki a banza. Da an sayo, ki kai ta babban asibitin Bagudo ko na kusa da ke a gwada ta da tasu.

Ku kuma na Tsamiya da Lolo masu tsallakawa Benin neman magani, in ma'aikacin can ya ce miki 14/9, ba wani awo ne daban ba, 140/90 ke nan a lissafinmu.

Wajen awon, ki bar goro da shayi rabin awa kafin nan. Ki yi fitsari, ki zauna a kujera minti 5, bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa. Ki zare hannun riga, ki ɗora hannun a kan tebur daidai da ƙirji, kuma ban da magana, ko da tsawata wa yara ne. Ki auna sau 2, minti 1 tsakani, safe da yamma har kwana 7, kina rubutawa a littafi. In yawanci ya kai 135/85, ki kai wa likita littafin. In kika ga 180/120 tare da ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, ba jiran gobe.

Mai juna biyu kuwa, da zarar ta ga 140/90 ta nufi asibiti a ranar, don yana iya zama mafarin jijjiga. Wadda ke shan magani kada ta daina don lamba ta sauka, ai maganin ne ya saukar da ita. Ko azumi ya zo, likita ne zai gyara mata lokacin sha.