Darasi: Makaɗin da ya sa tsuntsaye cikin kiɗinsa

Jama'a, in shamuwa ta sauka bisa itacen gari, kowa ya san damana ta kusa. Mutanen Finlanda, can arewacin Turai, su ma suna da tsuntsayen da ke faɗa musu lokaci. Ƙasarsu ƙasar sanyi ce, har ruwan tabki yakan daskare. In sanyi ya matso, tsuntsaye su tashi su yi kudu. Waɗansu tsuntsayen Turai har nan ƙasarmu suke zuwa, su sauka tabkin Cadi ko tabkin Tabalak.

A ƙasar nan aka yi wani makaɗi, sunansa Rautabara. An haife shi a 1928, ya rasu a 2016. Kiɗinsa na taron makaɗa ne: mutum hamsin ko fiye, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho. Kowa da takarda gabansa, don su kiɗi ma rubuta shi suke yi, kamar yadda muke rubuta magana.

Babbar makarantar birnin Ulu ta roƙe shi kiɗin bikinta na 1972. Sai ya ɗauki rakoda, ya shiga fadamun Liminka, kusa da birnin, ya ɗauko kukan tsuntsaye. Ranar biki aka kunna rakoda, makaɗa suna rakiya. Sunan kiɗin Kantus Arktikus, wato waƙar ƙarshen arewa.

Kashi uku ne. Na farko, sarewa biyu ke buɗewa, sannan tsuntsayen fadama su shigo. Na biyu, ya rage gudun faifan, har kukan wani ɗan tsuntsu ya yi kauri, ya zama abin tausayi.

Na uku ya fi daɗi. Akwai wata tsuntsuwa kamar ɗinya, fara fat, mai dogon wuya. Garkensu ne ke ƙaura. Da fari ana jin kukansu nesa-nesa. Suna matsowa, goge na ƙaruwa, ƙaho ya shiga, har ka ce bisa kanka suke wucewa. Daga nan sai ƙarar ta riƙa raguwa, har a daina jin ta.

Tambayoyi:

1. Me ke sa tsuntsayen Finlanda ƙaura?
2. Waɗanne tsuntsaye ke zuwa garinku, kuma a wane wata?
3. Akwai mai sarewa ko mai goge a garinku da ke kwaikwayon kukan tsuntsu? Ku rubuto mana.