Yadda Ake Rage Tsadar Cimaka da Wayar Salula a Mai Yara

A biranen Turai da Amurka, mai son rage kuɗin cefane yakan buɗe manhajar kanti a wayarsa ya karɓi lambar rangwame, wato shaidar da ke sa a sassauta masa farashi idan ya zo biya. A Mai Yara, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dakoro a jihar Maradi, cimakar gida daga rumbu take fitowa, idan ta ƙare kuma sai kasuwar mako-mako, inda ciniki yake da baki, saboda haka rangwamen da salula ke samar wa magidanci yana zuwa ne ta hanyar sanin farashi tun kafin ya bar gida.

Ana farawa da daidaita ma'auni da harshen kuɗi, domin tambayar da ba a fayyace ba takan jawo asara. Tiya ita ce kwanon awon hatsi, tana ɗaukar wajen kilo 2 da rabi na gero, ta yadda buhu mai kilo 100 yakan ci tiya 40 ko kusa da haka, sai dai kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki ba ya ɗaukar abin da lafiyayye ke ɗauka, kuma awon da aka yi wa tozo ya bambanta da wanda aka shafe bakinsa. Haka nan kuɗin sefa da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya faran 5, jaka ɗaya faran 1,000, don haka wanda aka ce wa tiya dala ɗari ya san faran 500 ake nufi.

Daga nan sai neman labari. Magidanci yakan kira ɗan'uwa ko aminin da ke Dakoro, Kornaka, Sabon Mashi ko Maradi a ranar da kasuwar ke ci, ko ya aika saƙon murya ta WhatsApp idan wayarsa babba ce, wanda ya fi rubutu sauƙi ga mutanen da ba su yi boko ba. Ya kamata a ji daga bakin mutum biyu aƙalla, ɗayansu kuma kada ya kasance dillali, tun da mai cin la'ada ba ya rasa dalilin cewa kaya na shirin tashi. Hukumar SIMA, wadda ke tattara farashin amfanin gona a kasuwannin Nijar, ita ma madogara ce ta gwada gaskiyar abin da aka ji. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsin ƙasar daga 2001, shekarar da salula ta shigo, zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salular ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Lissafi ne ke biye, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe. Buhun da ya fi araha da jaka biyu a Maradi ba shi da wata riba idan kuɗin mota, ladan ɗan dako da kuɗin turawa suka cinye jaka biyu da rabi, shi ya sa gidaje huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su sayi buhuna da yawa a tafiya ɗaya, su raba da tiya idan kaya sun iso. Biyan kuɗin yakan bi ta Airtel Money ko Moov Money, ko ta kamfanonin aike irin su Nita da Amana, bayan an tambayi ladan turawa da na cirewa. Lambar sirri, wato alƙaluman da ke buɗe asusun, ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

Duk da haka, lokacin saye ya fi wurin saye tasiri. Gero yakan faɗi da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ya hau daga bazara zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, don haka kuɗin da ɗan ci-rani ya turo daga Kano ko Agadas ya fi auki idan aka mai da shi hatsi da wuri. A watannin ƙunci kuma gwamnati kan fitar da hatsi daga rumbunan hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, wato OPVN, a sayar da rahusa, kuma kiran waya ne ke sanar da mutanen ƙauyuka masu nisa ranar da za a fara, kafin kason yankinsu ya ƙare.

Abin da ya fi kama da lambar rangwame shi ne katin lantarki da Hukumar Abinci ta Duniya, wadda aka fi sani da PAM a Nijar, ke bai wa gidajen da aka tantance domin karɓar tallafi. Wannan kati ba a sayensa, ba a kuma samunsa ta hanyar cike wani abu a waya, saboda haka saƙon da ya nemi a tura kuɗin rajista kafin a sa sunan mutum cikin masu karɓa na 'yan damfara ne, kuma wurin tabbatar da kowace sanarwa shi ne ofishin magajin gari ko gidan mai gari.