Darasi: Fina-finan gaskiya guda biyar da ya kamata mu kalla, da yadda ake kallonsu



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan kallo ne. Duk wanda ya ratsa Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi bayan isha'i ya san halin da ake ciki: majalisa cike da samari, amma shiru kake ji, kowa ya duƙa a kan waya. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan Tarauni, cikin 'yan mintoci masu turi za su cika wa yaro waya da fassarar Indiya. Maganar hana kallo dai ta wuce mu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne zaɓen abin da za a kalla.

Akwai nau'in fim da ake ce wa dokumentari, mu kira shi fim ɗin gaskiya. Ana ɗaukar mutane na haƙiƙa ne a wurarensu, a haɗa da tsofaffin hotuna da takardu da bayanin masana. Kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tambayi kakanka labarin majigi: mota ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna tsafta da noma, mai fassara yana bayani da Hausa. Har yau dattawa ba su manta da Baban Larai ba, wanda ya koyar da noman auduga. Ka riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Ga guda biyar, daga gida zuwa waje.

NA ƊAYA: Africa: A Voyage of Discovery (1984), na Basil Davidson, masanin tarihi ɗan Ingila. Kashi takwas ne. Ka fara da na huɗu, domin a nan ya shigo Kano, ya shiga Gidan Rumfa, ya nuna zaman fada a zamanin marigayi Sarki Ado Bayero. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? A 1963, shekarar da aka naɗa Ado Bayero, wani babban farfesa na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar. Alhali gidan sarautar nan tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yake tsaye. Davidson ya mayar da martani da hujjar da ido ke gani. Kashi na uku kuma ya bi ayarin zinare na daular Mali.

NA BIYU: The Africans: A Triple Heritage (1986), na Farfesa Ali Mazrui, mutumin Mombasa ta ƙasar Kenya, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Jos. Kashi tara ne, kuma gidan talabijin na NTA na cikin waɗanda aka yi aikin da su. Maganarsa ita ce Ba'afirken yau gado uku yake ɗauke da su: al'adar kakanni, Musulunci, da abin da Turawa suka zo da shi. Dubi kanka ka gani: da asuba allo, da hantsi boko, da yamma kamun amarya. Mazrui bai yi wa Turawa sassauci ba, har wata hukumar gwamnatin Amurka da ta ba da kuɗin aikin ta nemi a cire sunanta daga fim ɗin.

NA UKU: Duniya Juyi Juyi (2011). Da Hausa yake, kuma a Kano aka yi shi. Almajirai tara ne suka tsara labarin, suka fito a ciki, suka riƙe kyamara da hannunsu, tare da wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner. Wasa ne da aka gina daga ainihin rayuwarsu: barin gida, neman abinci, aikatau a gidajen mutane, da wulaƙancin da suke haɗiyewa. Kullum mu ne ke magana a kan almajiri, a rediyo da majalisa. A nan shi ne ke magana a kanmu. Hajiya, in kina da almajirin da ke miki wanke-wanke da aike, don Allah ki kalli wannan kafin gobe ya ƙwanƙwasa ƙofa.

NA HUƊU: Sweet Sweet Codeine (2018), binciken sashen Africa Eye na BBC, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar. Da ɓoyayyiyar kyamara aka bi yadda maganin tari mai kodin ke sulalewa daga hannun masu rarraba shi zuwa kasuwar bayan fage, aka kuma nuna matasan Kano da shaye-shaye ya taɓa wa hankali, wasu ɗaure da mari. Tun kafin nan Majalisar Dattawa ta yi ƙiyasin ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. An saki fim ɗin ranar 30 ga Afrilu, washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin. Iyaye, ku kalla don ku san alamomin tun wuri. Amma akwai hotuna masu tayar da hankali, kada a kunna a gaban ƙananan yara.

NA BIYAR: Prince Among Slaves, wanda tashar PBS ta Amurka ta nuna a 2008. Labarin Abdurrahman ne, ɗan Sarki Ibrahima Sori na Futa Jallon, a ƙasar Gini ta yau. Bafulatani ne mai karatu, jagoran mayaƙa. An kama shi a 1788, aka sayar da shi a garin Natchez na jihar Mississippi, ya yi shekara 40 yana bauta a gona. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta kai ga Sarkin Maroko, maganar ta isa fadar shugaban Amurka, aka 'yanta shi a 1828. Ya rasu a Laberiya a 1829, bai kai gida ba, 'ya'yansa kuma na can cikin bauta. Duk yaron da ke raina karatun da yake yi, a nuna masa wannan.

To, yanzu ladubban kallo.

Da farko, ka sani kowace kyamara da mai ita. Mu koma kan Baban Larai: manomi ya amfana, gaskiya ne, amma masaƙun Ingila ma auduga suke nema. Mai fim yakan ɗauki sa'o'i masu yawa, ya zaɓo kaɗan ya nuna maka. Don haka ka tambayi kanka abu uku: wa ya yi shi, wa ya biya kuɗin, wa aka hana magana a ciki? Kasancewar abu ya fito a allo da muryar Bature mai daɗi ba ya mayar da shi hujja. Haka wanda aka turo maka a WhatsApp da fassarar Hausa, ba suna ba kwanan wata, kada ka tura gaba sai ka tantance.

Na biyu, babba ya fara dubawa kafin a tara iyali, domin wasu wuraren akwai kiɗa da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba.

Na uku, huɗu daga ciki da Turanci suke. Wannan dama ce: ɗalibin gidan ya zauna ya fassara wa Baba da Inna, kamar mai bayanin majigi. Shi ya gyara Turancinsa, su kuma su ƙara masa da abin da suka gani da idonsu.

Na huɗu, a riƙe biro da takarda. Kashi ɗaya a mako ya wadatar, a rubuta abu uku da aka koya, a tattauna. Kuma kada kallo ya ci lokacin sallah ko na barci.

Ku rubuta sunayen yadda na kawo su ku bincika a YouTube. Masu shagon turi kuma, ga shawara: ku ajiye irin waɗannan a kwamfutocinku, in yaro ya zo a saka masa fim, ku ɗora masa ɗaya kyauta. Malaman makarantun unguwa, dare ɗaya a wata da farin bango ya isa a dawo da majigi.

Wanda ya kalli ɗaya daga ciki, ya dawo nan ya faɗa mana abin da ya fahimta, da abin da bai yarda da shi ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.