Darasin Kwamfuta: Yadda Ake Auna Haruffa Kafin A Zuba Su

Yawancin wayoyin hannu da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Tarauni suna aiki ne da tsarin Android, shi kuwa Android an gina shi bisa kanel ɗin Linux. Kanel shi ne zuciyar tsarin, mai raba wa kowace manhaja wurin ajiya da lokacin aiki. Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a shekarar 1991 da harshen C.

A harshen C, kalma jerin bayit ne da ake rufewa da sifili. Mu ɗauki sunan Ƙauyen Alu. Haruffansa goma ne idan an haɗa da tazarar tsakiya, amma a tsarin UTF-8 harafin Ƙ yana cin bayit biyu, ya zama 11. A ƙara sifilin rufewa, ya zama 12. Wanda ya tanadi gurbi goma kacal, to bayit biyu za su malala su ɓata ajiyar maƙwabta. Irin wannan ambaliya na cikin hanyoyin da tsutsar Morris ta bi ta shiga kwamfutoci a Amurka a shekarar 1988.

Haɗarin ya fi girma a sashen bin sawu na kanel, wato ftrace, wanda Steven Rostedt ya jagoranci shigarsa Linux a 2008. Aikinsa rubuta abin da ke faruwa a cikin na'ura, har da sunan kowane aiki, wanda aka ware masa bayit 16: haruffa 15 da sifili. Kuskure a nan kan iya kayar da na'urar baki ɗaya.

Umarnin strcpy yana kwafa ba tare da duba iyaka ba. Shi kuma strncpy yana tsayawa a iyaka, sai dai yakan bar kalma ba rufi. Masanan OpenBSD sun fito da strlcpy, amma shi ma sai ya karance kalmar asali har ƙarshenta, ko da ta wuce kima. Saboda haka aka shigar da strscpy cikin Linux a 2015: yana tsayawa a iyaka, ya rufe da sifili, kuma ya sanar idan ya datse kalma. A 2024 aka cire strlcpy daga kanel ɗungurungum.

Rubutu kaɗai bai isa ba, sai da gwaji. KUnit, da ya shiga Linux a 2020, yana ba mai rubutu damar jarraba umarni da kalmar da babu komai a cikinta, da wadda ta cika gurbi daidai, da wadda ta zarce da harafi ɗaya, domin a bakin iyaka kuskure ya fi ɓuya.

Aikin aji: malamai su sa ɗalibai su lissafa gurbin da Gyadi-Gyadi da Ɗanbatta ke buƙata, su kuma faɗi abin da strscpy zai yi da kowanne idan gurbin bayit 10 ne.