Cinikin fili da gida: a nemi lauya tun kafin a biya

 Wasiƙar farko a filin amsa tambayoyinku daga wani bawan Allah ce a Rijiyar Zaki cikin Kano. Yana cewa: "Na samu fili, mun daidaita da mai shi, dillali ya kawo takardar ciniki, mai unguwa ma zai sa hannu. Amma yayana ya dage sai na ɗauki lauya. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce?"

To Malam, ka bi shawarar yayanka. Dillali la'adarsa yake jira, kuma ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Mai unguwa shaida ne cewa an yi ciniki a gabansa, amma kundin filaye ba a hannunsa yake ba. Lauyan da ka ɗauka kuwa, kai kaɗai yake yi wa aiki.

Aikinsa na farko bincike ne. Zai je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, ya duba fayil ɗin filin: sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da ita a banki, ko gwamnati ta ware wurin domin hanya ko makaranta. Idan awon igiya ne, nan ma zai faɗa maka matsayinsa, kada ka zuba bulo da siminti a wayi gari an shafa wa katangarka jan fenti.

Na biyu, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya ce mai takardar gwamnati ba zai mayar wa wani da mallakarsa ba sai da amincewar gwamna. Lauya ne zai rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, ya nemo wannan amincewa, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista da sunanka. Idan ba a yi haka ba, ka biya kuɗi amma a idon hukuma filin na mai sayarwa ne.

Sai saƙon wata baiwar Allah daga Zariya. Ta ce gidan gado take son saye, babban ɗan mamacin ne ke sayarwa, ya ce da yawun ƙannensa yake magana.

Hajiya, don Allah ki dakata. Zama babba bai ba shi ikon sayar da rabon kowa ba. Lauya zai nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji ya sa hannu da kansa, har da mata, yara ƙanana kuma a bi ta kan waliyyinsu. Daga nan ya leƙa KADGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kaduna. Magaji ɗaya da aka tsallake ya isa ya kai ki gaban alƙali.

Ku duka biyun, ku yi jinga da lauya tun farko, a rubuce. Kada ku dogara da lauyan mai sayarwa, ku tabbata akwai hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa a jikin takarda, kuma ku biya ta banki. Rigakafi ya fi magani: kada ko kafin alƙalami ya fita daga hannunku sai lauyanku ya ce a biya. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.