Darasi: Farautar Tsuntsayen Daji da Dafa Namansu

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya girma a Sandamu da kewayen Daura ya san kukan fakara da asuba. Zabon daji, fakara, hasbiya da kurciya kyauta ce daga Allah. Suna ba mu nama, wasunsu kuma suna cinye fara da gara a gona. Amma daji yana ƙarewa, tsuntsaye suna raguwa. In ba mu yi hankali ba, jikokinmu sai dai su ji labari.

1. Yaushe za mu yi farauta?

Bayan kaka, sa'ad da aka kawar da gero da dawa, tsuntsu ya yi ƙiba. Da damina zabuwa take yin ƙwai. Wanda ya kashe ta a kan sheƙa, ya kashe garke guda. A cikin Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an umarci wanda ya tarar da sheƙa ya saki uwar. In mun iske ƙwai wajen noma, mu ɗebi kaɗan mu sa wa kaza. A cikin kwana 26 zuwa 28 za ta ƙyanƙyashe mana zabi na gida.

2. Da me za mu kama su?

Tarko da danƙo sun isa. Kada mu sa wa daji wuta. Kada kuma mu gauraya hatsi da maganin ƙwari mu watsa. Dafin yana nan cikin naman, wuta ba ta kawar da shi, yaranmu ne kuwa za su ci. Tsuntsun da muka tsinta matacce, mu binne shi. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006, ta kashe kaji masu yawa, tana kuma kama mutum.

3. Yaya za mu dafa?

A yanka, a tsiyaye jinin, a fige, a babbaka, a cire kayan ciki tun bai kwana ba. A wanke hannu da wuƙa da sabulu.

Naman daji yana da tauri, yana son haƙuri. Don farfesu, a sa albasa, citta, masoro, kanumfari da daddawa, a bar shi bisa wuta kaɗan har ya saki ƙashi. Hasbiya da kurciya sun fi daɗi a gashi: a tsaga, a shafa man gyaɗa, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli. In naman ya yi yawa, a kyafe shi bisa hayaƙi don miyar kuka. Kowace hanya muka bi, kada a sauke da sauran ja a jikin ƙashi.

Tambayoyi don taron ƙungiya

(a) Waɗanne tsuntsaye ne iyayenmu suka sani waɗanda ba mu gani yanzu?
(b) Za mu iya yin shawara da mai gari da maharba a daina farauta daga shuka har girbi?
(c) Wa zai faɗa wa yara masu danƙo?